Tafiyarmu da Kawu Isiyaku Zuwa Gonar Shayin Mambila

Ranar farko: Ƙanƙara zuwa duwatsun Filato

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka idar da salla a masallacin bakin tasha, muka sa kaya a mota. Mu uku ne daga Ƙanƙara: ni da nake koyarwa a firamare ta Mabai, da Malam Garba direba, mutumin Faskari, sai Kawu Isiyaku, wan mahaifiyata, wanda dominsa aka shirya tafiyar.

Kawu mai shayi ne. Tun ban san kaina ba teburinsa yake a tashar Ƙanƙara. A bara idonsa ya fara dusashewa, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kuma a hankali yake tafiya. Da muka fito daga asibiti sai muka hau mota. Sannan ya ce, "Nuhu, shekara nawa nike dafa ganyen ga, ban taɓa ganin uwarshi ba. An ce a Mambila yake tsirowa. Ka kai ni tun da sauran haske." Na ɗauka magana ce ta bakin ciki, za ta wuce. Da aka ba mu dogon hutu na damina ya sake tayar da ita, na san ba wucewa za ta yi ba.

Hanyar Sheme ba a yi mata sammako a wannan zamani na 'yan bindiga. Muka tsaya a shingen jami'an tsaro na bakin gari har gari ya waye sosai, motoci suka taru, aka sake mu a jere. Dawa da masara sun rufe ko'ina, raɓa na sheƙi a kan ganye. Sai da muka hau babban titi a Sheme, sannan Malam Garba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, yanzu a ba ni goro."

Ƙarfe takwas muna Funtuwa. A nan na huɗunmu yake jiranmu, Alhaji Mudi na Sabuwa, ɗan kasuwar hatsi wanda ya sha zuwa ƙasar Mambila, shi ne idonmu a wannan tafiya. Ya kwana a Funtuwa saboda hanyar garinsu ta lalace da ruwa. Ya shigo da ledar ƙosai mai zafi, ya dubi tsohuwar butar shayi da Kawu ya rungume a cinya, ya ce, "Malam Isiyaku, har da amarya za a tafi?" Kawu ya ce, "Ita ma ta ga danginta."

Muka ratsa Zariya wajen ƙarfe goma, muka yi azahar a Saminaka. Daga nan ƙasa ta fara tashi, iska ta sauya. Duwatsu suka riƙa fitowa, wani a kan wani, kamar wani ne ya jera su ya tafi ya manta. Ina kwatanta wa Kawu, yana kafe ido a taga yana cewa, "Ina ganin duhunsu."

Bayan la'asar muka bar Jos a baya, muka nufi wajen Fankshin. A nan Alhaji Mudi ya sanar da mu inda za mu kwana: wani gidan ibada ne na fada-fada, Kiristoci masu zaman kaɗaici a kan tudu, suna noma da kiwon zuma, suna da ɗakin baƙi. Ya taɓa kai musu irin masara. Kawu ya ce, "Alhaji, a gidan Kirista za mu aje goshi?" Alhaji ya ce, "Ka bari mu isa tukuna."

Gidan na dutse ne, an kewaye shi da itatuwa, ba ka jin komai sai tsuntsaye. Wani dattijo mai doguwar farar riga ya fito. Da Kawu ya gaishe shi, sai ya tsaya cak, ya ce, "Wanga harshe na gida ne. Daga ina?" Muka ce Ƙanƙara. Ya tafa hannu. Ashe dattijon, Fada Luka, mutumin wani ƙauye ne a bayan Malumfashi, ya daɗe rabonsa da gida. Ya kai mu ɗaki, muka tarar an shimfiɗa tabarma, ga buta biyu cike da ruwan ɗumi. Ya nuna kusurwa ya ce, "Gabas nan take. Ku yi sallarku."

Kafin magariba Kawu ya hura gawayi a tsakar gida ya ɗora butarsa. Fada Luka ya zauna a kan dutse yana tambayar kasuwar Ƙanƙara, da ko har yanzu ana dama fura da kindirmo irin na da. Ya kurɓi shayin, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Da ya ji dalilin tafiyarmu sai ya ce, "A wannan wata gajimare kan sauko ya zauna a kan Mambila kwana da kwanaki. Allah ya buɗe maka shi." Kawu ya ce amin, ya ƙara masa wani kofin.

Rana ta biyu: zuwa Wukari

Muna lazimin asuba muka ji ƙararrawa, sannan muryoyin maza suna rera addu'arsu a hankali daga wani ɗaki mai nisa. Sautin yana tashi yana sauka kamar numfashin mai barci. Kawu ya saurara da carbi a hannu, ya ce, "Su ma sun tashi neman Mai sama."

Muka bar gidan ƙarfe bakwai da kwalbar zuma da aka ba mu guzuri. Hanya ta gangara da mu Shendam, sanyi ya koma zafi. Ƙarfe ɗaya da rabi muka iso bakin Binuwai, inda ake fito zuwa Ibi. Ruwa ya cika har ba ka gane inda kogi ya ƙare sama ta fara. Aka tura motarmu cikin jirgin fito. Malam Garba, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar garinsu ba, ya riƙe sitiyari gam alhali motar a kashe take. Alhaji Mudi ya ce, "Garba, saki, yau ba kai ke tuƙi ba." Kawu kuwa ya sa na riƙe masa riga, ya sunkuya ya tsoma hannu a ruwa, ya bar shi yana jan yatsunsa har muka kai gaɓa.

Muka kwana a wani masauki a Wukari, muka ci sakwara da miyar kifi.

Rana ta uku: hawan Mambila

Wannan ita ce doguwar rana. Mun tashi ƙarfe shida, muka bi ta Mutum Biyu da Bali, shinge bayan shinge, ko'ina tambaya ɗaya ce: ina za ku? Wani jami'i a kusa da Serti da ya ji amsar, ya leƙo ya dubi Kawu ya ce, "Baba, duk wannan nisa don ganye?" Kawu ya ce, "Da shi na aurar da ɗiya biyar." Jami'in ya yi dariya ya ɗaga mana sanda.

Daga Mayo Selbe hawa ya fara. Titin yana naɗewa a jikin dutse, kwana a kan kwana, hagu bango, dama rami. Malam Garba ya sa giya ta ɗaya yana karanta duk abin da ya haddace. Kunnuwana suka toshe. Muna cikin haka sai wani farin abu ya taso daga ƙasa ya lulluɓe mu, na ɗauka hayaƙi ne. Alhaji Mudi ya ce gajimare ne, mun shigo cikinsa. Na zuge gilashi, ya shigo motar da sanyinsa, ya jiƙa mana gira.

"Nuhu, idona ne ko gari ne?" in ji Kawu.

Na ce, "Gari ne, Kawu. Ni ma ba na ganin komai."

Ya ce, "To yau mun zama ɗaya."

Muka isa Nguroje da la'asar sakaliya, muka sauka gidan wani abokin cinikin Alhaji. Aka kawo mana nono mai ɗumi da dankali, aka hura wuta a ɗaki. A watan da mutanen gida ke kwana da mafici, mu bargo biyu-biyu muka rufa.

Rana ta huɗu: jira

Gajimaren bai tashi ba. Muka je Gembu muka zaga kasuwa, muka ga fiya da ayaba tuli-tuli, da mata masu goyo sanye da rigunan sanyi. Shanu manya masu dogayen ƙaho sukan fito daga cikin farin nan ba ƙara, su wuce ta gabanmu, su sake nutsewa. Aka ce mana akwai tuddai kore shar har iyakar gani, amma mu bayan taku goma ba ma ganin juna.

Da yamma Malam Garba ya ja ni gefe ya ce gobe da azahar dole mu sauka, yana da alkawarin ɗaukar kaya a gida, kuma ruwa na iya ɓata hanya. Kawu ya ji mu. Bai ci abincin yamma ba. Ya zauna bakin wuta yana murza ido da bayan hannu, abin da likita ya hana shi.

Rana ta biyar: Kakara

Ƙarfe bakwai da rabi muka isa Kakara, inda gonar shayin take. Gajimaren na nan yadda yake. Mai gadi ya bar mu muka shiga ta gefen gona. Ni ina iya ganin layi biyu ko uku na wasu gajerun itatuwa, tsayinsu iya ƙugu, an aske kansu ya yi daidai kamar tebur. Kawu ba ya ganin ko wannan.

Sai muka ji motsi, wata mata ta fito da kwando a baya, tana tsinkar ganye da hannu biyu. Muka gaisa, Hausarta da gardin Fulatanci. Na gaya mata abin da ya kawo mu. Ta sauke kwandon, ta ce, "Baba, kawo hannunka." Ta kama yatsunsa ta ɗora a kan tsiron. "Ka ji wannan ƙaramin mai tsini? Da biyun da ke ƙarƙashinsa. Su kaɗai ake cira. Sauran a bar wa uwar."

Kawu ya tsinka, ya murza, ya kai hanci. Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ɗiyata, wanga ba shayi ba ne. Ƙanshin ciyawa nike ji."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Bai sha wuya ba tukuna. Biyo ni."

Ta ja shi da hannu, muna biye, har bayan wani dogon gini inda ake shanya ganyen a murje shi a gasa. Ba mu shiga ba, iska ce ta fito mana da ƙanshinsa. Kawu ya tsaya kamar an dasa shi. Ƙanshin nan ne da na tashi a cikinsa, na teburinsa da na rigarsa, amma a nan ya cika duniya. Ya buɗe baki yana shaƙa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Shi ne. Wallahi shi ne."

Muna tsaye a nan, wajen ƙarfe goma saura, iska ta taso daga gabas. Farin ya fara yagewa, rana ta zubo ta wata kafa, ta sauka a kan tudun da ke gabanmu, sannan na bayansa, sannan wani. Gonar ta bi tudu ta gangara kwari ta sake hawa, mata da kwanduna sun watsu a cikinta kamar zabi. Na juya zan fara kwatance, Kawu ya ɗaga mini hannu.

"Yi shiru, Nuhu. Ina gani."

"Me kake gani, Kawu?"

"Kore. Ba ni ganin ganye, ba ni ganin mutane. Kore dai, tun daga ƙafata har sama."

Bai fi minti ashirin ba gajimaren ya dawo ya rufe. Da muka waiwaya mu yi wa matar godiya, ta riga ta ɗauki kwandonta ta koma cikin farin.

Komawa gida

Muka sauka dutsen da azahar kamar yadda aka yi alkawari. Kwana biyu muka yi a hanya, wannan karon ta Jalingo da Gombe da Kano. Kawu ya yi barci mafi yawan tafiyar, ledar ganyen shayin da ya saya tana kan ƙirjinsa. Muka sauke Alhaji Mudi a Funtuwa ya nemi motar Sabuwa, mu kuma muka shiga Ƙanƙara ƙarfe biyar da rabi na yamma, kafin a rufe hanya.

Inna Rabi, matar Kawu, tana bakin zaure. Ba ta tambayi gajiya ba, ta ce, "Malam, idon ya kai?"

Ya ce, "Ya kai, Rabi. Da kyar, amma ya kai."

Kawu ne ya sa ni rubuta wannan labari, ya kuma zaunar da ni ya lissafa waɗanda za a gode wa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Muna gode wa Malam Garba da ya haƙura da mu, da Alhaji Mudi da ya san hanya, da Fada Luka da mutanen gidansa, da mai masaukinmu na Nguroje. Da na zo kan matar gonar shayi sai alƙalami ya tsaya, domin cikinmu babu wanda ya tambayi sunanta. Na gaya wa Kawu. Sai ya ce, "Rubuta: ɗiyar da ta kama mani hannu. Allah ya san ta."