Golan da Ya Bar Raga Ya Bi Tsuntsu

Mun tashi da asubar Asabar daga Kano, ko shayi ba mu tsaya sha ba, mu uku a tsohuwar motar kocin ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu. Koci na tuƙi, ni ina gefensa, a baya kuma wani abokinmu ne da duk ɗan guruf ɗin magoya baya ya san muryarsa, domin kullum sai ya turo saƙon murya yana koya wa koci aikinsa. Ba zan faɗi sunansa ba, mu kira shi Mai Sharhi. Ya san kansa.

Ga waɗanda ba sa cikin guruf ɗin, ga abin da ya fitar da mu. Ni tsohon ɗalibin kwalejin ne, kuma ni Allah ya jarraba da riƙe guruf ɗin a waya. Golanmu ya gama karatu ya tafi, wanda ya gaje shi kuwa ko tulu ka jefa masa sai ya wuce ta tsakanin ƙafafunsa. Ana cikin haka wani ya turo bidiyon wani saurayi daga wani ƙauye bayan Kirikasamma, ba takalmi, yana kaɗe fenariti ɗaya bayan ɗaya a cikin taɓo. Mako biyu cur ana musu a kansa. Wasu suka ce haɗa bidiyon aka yi, wasu suka ce ragar ce ƙarama, wani ma ya rantse saurayin ya haura talatin, wai daga ƙwaurinsa ya gane. Da koci ya gaji sai ya ce a je a gani. Kwalejin tana ware 'yan gurabe kaɗan ga 'yan wasa, ranar Litinin da safe za a tantance, kuma duk wanda bai zo da kansa da takardunsa ba sai baɗi. Mun riga mun ji ta waya cewa sunan saurayin Bukar, ya gama sakandare, sakamakonsa ba laifi. Ya kuma ce mana, "Ku zo, amma ba na jin zan samu fita." Muka ɗauka kunya ce irin ta mutanen ƙauye.

Daga Gezawa har Ringim Mai Sharhi bai haɗiye yawu ba. Ya tsara mana yadda za a tsayar da 'yan baya, ya kori 'yan wasa uku, ya ɗauko wasu daga garuruwan da bai taɓa zuwa ba. A Gujungu muka tsaya muka sha shayi da burodi, na yi murna bakinsa zai samu aiki, ashe yana iya tauna yana sharhi. Da muka shiga yankin Kaugama ƙasa ta fara canzawa. Ruwa kwance hagu da dama, shinkafa ta fitar da kai ta fara ja, masu kifi a bakin titi suna ɗaga tarwaɗa sama suna kaɗa ta kamar tuta. A Haɗeja muka ci gasasshen kifi da ƙuli da yaji a wata rumfa kusa da tasha. Abin da na biya, a Kano ko kan kifin ba zai saya ba, har na sake tambayar mai kifin ko ya yi kuskure.

A Kirikasamma muka ajiye motar, domin ruwa ya yanke hanyar ƙauyen. Muka hau acaɓa har inda acaɓa ya ce shi ma iyakarsa ke nan, sannan muka shiga kwale-kwale. Mai Sharhi ya yi shiru a karon farko, ya rungume jakarsa yana salati. Mai tuƙa mu ya nuna wata ciyawa doguwa da ta cinye gefen ruwan ba iyaka, ya ce sunanta kacalla, a ciki maƙiyinsu yake kwana. Ba wanda ya tambaye shi wane maƙiyi. Ni lokacin ina ta ɗaga waya sama ina neman sabis.

Mun iske mahaifin Bukar a ƙofar gida, dattijo siriri mai tari, muryarsa can ƙasa. Bayan doguwar gaisuwa da ruwa da fura, ya kai mu gona da kansa. Tun daga nesa muke jin ihu ta ko'ina, kamar gari ya kama ɓarawo. A tsakiyar kowace gona akwai 'yar rumfa da aka ɗaga a kan sanduna, igiyoyi sun fita daga jikinta zuwa kowane lungu, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. A kan ɗaya daga ciki Bukar yake tsaye, dogo, baƙi, igiya a hannu ɗaya, majaujawa a ɗayan, yana jifa da curin laka.

A nan Baba ya yi mana bayani. Jan-baki ne, wasu ƙananan tsuntsaye da ke zuwa garke guda su sauka a kan shinkafa idan ta fara ƙosawa. Saura mako uku a yanke. Daga fitowar alfijir har magariba ba a barin gona. Yayan Bukar yana can kudu wajen nema, 'yan'uwansa mata suna gidajensu, shi kuma Baba ƙirjinsa ba ya ɗaukar ihu. Ya ce da tsakar rana tsuntsun kan ɗan lafa, in gwaji za mu yi, mu yi yanzu.

To, a nan na tafka wautar da har yau in na tuna sai na ji kamar in mari kaina. Na ce a'a. Na riga na sanar a guruf cewa ƙarfe biyar zan nuna gwajin kai tsaye, kuma rana tsaka hoto ba ya kyau. Ku ji fa, hoto! Mai Sharhi ya buga ƙirji ya ce shi zai tsare gonar, ai tsuntsu ne ba zaki ba. Baba ya dube shi, ya dube ni. Mutumin da baƙi suka keto ruwa suka zo gidansa ba ya iya ce musu a'a. Ya ce, "To, Allah ya tsare."

Ƙarfe biyar muna filin firamare a bakin gari, inda ake hango gonakin daga nesa. Raga ba raga ba, sanduna biyu ne da igiya a sama. Koci ya ba Bukar safar hannu, ya ajiye ƙwallo, ni kuma na saita waya. Jama'a, yaron nan gola ne. Ta farko ya kaɗe, ta biyu ya cafke ta kamar an miƙa masa, ta uku koci ya yaudare shi ya tafi dama, ya miƙo ƙafa ya tare. Saƙonni suna ta zubowa a fuskar wayata. Koci ya ja baya zai buga ta huɗu, sai na ga idon Bukar ya bar ƙwallon ya haura saman kanmu. Kafin ƙafar koci ta taɓa ƙwallo, ya yar da safar ya zuba a guje. Ƙwallo ta gangara a hankali ta shige tsakanin sandunan, ba kowa a wurin.

Sai da muka juya muka ƙura ido sannan muka ga abin da ya gani, wani abu kamar hayaƙi yana tasowa daga kacalla yana lanƙwasa wajen gonaki. Muka bi shi a guje, ni da takalmina a hannu. Ko'ina gwangwanaye na kaɗawa, ko'ina ihu, ban da gona ɗaya. Tsuntsun da aka kora daga gonakin maƙwabta duka can ya tattaru. Mai Sharhi kuwa yana zaune a kan rumfa, ya ɗaura igiyar a ƙafa, ya toshe kunnuwa da abin sauraro, yana kallon gwajin da nake nunawa. Wallahi har sharhi ya rubuta a lokacin, daga baya na gani, wai tsayuwar golan ba ta yi masa ba.

Bukar ya kore su, amma sun riga sun gama da gefen gabas. Baba ya iso a hankali yana tari. Ya kama kan shinkafa ɗaya ya murza a tafin hannunsa, ya hura, ƙaiƙayi ya tashi, ba ƙwaya ko ɗaya. Ya kama na gaba, haka. Na tsaya ina jira ya zage mu, da ya yi da na ji sauƙi. Sai kawai ya kakkaɓe hannu ya ce, "In an kira magariba ku taho gida, tuwo zai huce."

Na duba waya a hanya, raina ya ƙara ɓaci. An yanko daidai wurin da Bukar ya gudu ana ta yaɗawa da dariya. Wai ya ji tsoron ƙafar koci. Wai dama an faɗa. Wani da ko layin unguwarsu bai taɓa buga wa ƙwallo ba ya rubuta doguwar ƙasida a kan rashin ɗa'ar 'yan wasan karkara. Haba jama'a! Mutum yana kwance a kan katifa ƙarƙashin fanka, yana yanke hukunci a kan abincin shekarar wasu.

Muna cin tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi, koci ya ce shi ya gama gwaji, yana son Bukar. Ya ce wanda ya hango garken nan kafin kowa, alhali ƙwallo na gabansa, idonsa ya isa. Bukar ya sunkuyar da kai ya ce ya gode, amma ba zai bar Baba da gonar ba, mun dai gani da idonmu. Zuwa Kano da dawowa kwana uku ne, kuma ɓarnar yau ni na jawo ta. Na ji bakina ya ce ni zan zauna. Mai Sharhi, wanda ko loma bai kai baki ba, ya ce shi ma. Baba ya miƙo hannu, na ɗauka gaisawa za mu yi, na miƙa nawa. Ya ce, "Ba hannu ba, ɗana. Wayoyin."

Lahadi da sassafe koci ya tafi da Bukar da takardunsa a cikin leda, mu kuma muka hau rumfa. Ban san akwai aiki irin wannan a duniya ba. Tsuntsun nan ba ya gajiya, ba ya jin kunya, ka kore shi nan ya sauka can. Igiya ta yanka mini tafin hannu kafin hantsi. Majaujawa kuwa jifan farko kaina na samu, maƙwabcinmu na gona ya yi dariya har ya zauna. Sauro ya ci rabonsa, rana ta ci nata. Sallah ma bi da bi muke yi, ɗaya na yi ɗaya na ihu. Baba yana zaune a inuwar rumfar yana cewa in daina kallon shinkafa, in riƙa kallon saman kacalla, wanda ya jira sai sun sauka ya makara. Kafin la'asar muryata ta tafi gaba ɗaya.

Abin da ban zata ba shi ne Mai Sharhi. Muryar nan da ta hana mu sakat shekara da shekaru, ashe wurinta aka rasa. In ya kurma ihu, har gona ta uku tsuntsu ke tashi. Ranar Litinin maƙwabta suka fara aiko masa da fura, wani tsoho ma ya tambaya ko yana da aure. Bai ƙara zama ba sai don sallah, kuma ko sau ɗaya bai juya ya kalli gefen gabas ba.

Talata da azahar Bukar ya dawo. An tantance shi, sunansa ya shiga, kuma sai bayan an yanke shinkafa za a fara karatu. Bai ko sha ruwa ba ya karɓi igiyar daga hannuna ya hau rumfa. Baba ya fito da wayoyinmu daga cikin akwatinsa, ya haɗa mana da ƙunshin bandar kifi. Na so in ba shi haƙuri yadda ya kamata, na buɗe baki, iska kawai ta fito. Ya dafa kafaɗata ya ce mu yi sauri kada mai kwale-kwale ya tashi.

Motar haya muka hau daga Haɗeja, mu biyu a kujerar baya ba mai iya magana. Na iso gida ana kiran isha, matata ta ga hannuwana ta ce ƙwallon aka ce da hannu ake bugawa yanzu? Na kunna waya, saƙonni suka yi ta shigowa har ta yi zafi. Har yanzu ana kan Bukar. Yanzu kuma wai ya cika tsayi, ƙwallon ƙasa za ta riƙa wuce shi.

Tafiyar nan ta koya mini cewa ɗan wasan da muke jujjuya sunansa a waya yana da gida, kuma wani yana ɗaukar nauyin duk awa ɗaya da ya yi a fili. Ta koya mini kuma in mai wuri ya ce a yi abu da rana, a yi da rana. Shekarata nawa ina taya ku wannan surutun, sai da muryata ta ɗauke na ji yadda yake a kunne.

Jiya na rubuta a guruf cewa ranar yankan shinkafar Baba za mu je gayya, tunda kowa na son ƙungiya, mai zuwa ya sa sunansa. Guruf ɗin da ba ya barci ya yi tsit, har wanda ya san shekarun mutum daga ƙwauri. Sunaye biyu ne har yanzu, nawa da na Mai Sharhi. Na sa matata ta kira Bukar ta faɗa masa, tunda ni ba murya, ya miƙa wa Baba wayar. Baba ya ce kada in damu, mu biyun ma mun isa, aikin ba shi da yawa bana. Gefen gabas ba ya buƙatar lauje.