Fallen Mabul da Ya Tsage a Lusail

Har gobe ba na jin zan manta da ranar da muka buɗe akwatin mabul, wato farin dutsen ado, a birnin Lusail muka tarar fallen tsakiya ya tsage. A farkon shekarar 2020 ne, lokacin da korona ta fara rufe ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Ni a lokacin mataimakin foman ne a sashen dutse na wani kamfanin gine-gine, muna aikin zauren karɓar baƙi na wani otal da ake son gamawa kafin gasar cin kofin duniya.

Ku sababbin zuwa wannan sana'a, ga yadda aikin yake. Irin wannan bango ba da kowane dutse ake yin sa ba. Ana yanko ƙaton dutse guda daga tsauni, a yayyanka shi falle-falle kamar burodi, a sa wa kowanne lamba a baya. Idan sun iso, sai mu shimfiɗa su a ƙasa bi da bi kafin a ɗora a bango, domin jijiyoyin nan masu ruwan toka su haɗu, ta wannan falle ta zarce cikin na kusa da shi. In ɗaya ya lalace, ba za ka je kasuwa ka sayo madadinsa ba, sai dai daga uwar dutsen da aka yanko shi.

Shugaban sashenmu wani dattijo ne ɗan Italiya mai suna Elio. Kowa na ce masa Maestro, wato kamar yadda mu za mu ce malam ko uban aiki. Ba shi da yawan magana, kuma shi kaɗai yake cin abincin rana, a bayan tulin akwatuna. Da ya ga tsagar sai ya durƙusa ya bi ta da yatsa tun daga sama har ƙasa.

Manajan wurin, Injiniya Faris, ya zo ya duba. Ya ce, "Maestro, akwai farin dutse a sito. A sa wani, yalla, maza, babu lokaci."

Elio ya ce, "Wancan daga wani tsauni yake. Ko yaro zai gane. Ka ba ni dama in kira yayana Bruno, shi ya yanko wannan. Ya san inda sauran yake."

Faris ya yarda. Sai dai kafin a yi wani abu, aka rufe Italiya gaba ɗaya, har da mahaƙar dutsen. Mu ma a nan aka rage ma'aikata, aka sa kowa takunkumi, aka hana matsowa kusa da juna. Zauren da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar injina ya koma shiru, daga ni sai Maestro. Abokin ɗakina a unguwar Mesaimeer an kai shi killacewa. Matata kuma tana Zariya da jaririyar da ban taɓa ɗauka ba, sai dai in gan ta a waya.

Wata rana da azahar na ɗauki kwanona na zauna nesa kaɗan da Maestro. Don in sami abin cewa, na tambaye shi, "Maestro, garinku yana kusa da inda cutar ta fi tsanani?"

Ya ajiye cokali, ya zana mini ƙasar a kan ƙurar siminti. Doguwa ce siririya, ta miƙe cikin teku kamar takalmi mai dogon wuya, ruwa ta gefe uku. Ya ja layi a sama ya ce manyan tsaunuka ne masu ƙanƙara, ƙarƙashinsu kwarin da cutar ke ɗibar mutane. Ya ja wani daga sama zuwa ƙasa ya ce wannan shi ne ƙashin bayan ƙasar, tsauni bayan tsauni. Can kudu akwai dutse mai aman wuta da ya taɓa binne gari guda, da kuma tsibirin da Larabawa suka taɓa mulka. Sannan ya ɗiga yatsa a gefen yamma.

"Carrara. Nan ne mu. In ka tsaya a bakin teku ka ɗaga kai, sai ka ce ƙanƙara ce a kan tsauni ko a tsakiyar zafi. Ba ƙanƙara ba ce, dutsenmu ne. Rumawan dā daga nan suka riƙa ɗiba suna gina birninsu. Kakana da shanu yake saukar da shi."

Ya ce tsaunin kansa a dā ƙarƙashin teku yake. Ya ce ƙasar ba ta daɗe da zama ɗaya ba, a dā kowane birni da mulkinsa da ganuwarsa da irin maganarsa. Na ce masa ai haka Kano da Katsina da Zazzau suke. Ranar na fara jin dariyarsa. Daga nan kullum tare muke cin abinci, da tazarar falle guda a tsakaninmu.

Bayan 'yan makonni, wata safiya muna auna bango, wayarsa ta yi ƙara. 'Yar Bruno ce. Ya saurara, ya ce kalma biyu da harshensu, ya kashe. Sai ya zauna a ƙasa kusa da fallen da ya tsage.

"Isa, Bruno ya tafi. Ba a bar kowa ya shiga wurinsa ba. Jana'iza ma an hana. Babu jirgi kuma."

A gida da yanzu an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, unguwa duk ta taru. A nan ko hannunsa doka ba ta ba ni damar riƙewa ba. Na ajiye abin awo na zauna a ƙasa ina fuskantarsa. Na ce, "Baba, sannu. Allah ya ba ka haƙuri." Ban san lokacin da na daina ce masa Maestro ba. Ya ce in je in ci gaba da aiki. Na ce a wurinmu ba a barin mai makoki shi kaɗai, ko ba a yi magana ba ana zama. Muka zauna har aka tashi.

Faris ya ba shi hutu, ya ƙi. Ya ce me zai yi a ɗaki shi da bango huɗu? Da Faris ya sake kawo maganar dutsen sito, a hankali wannan karon, Elio ya ce, "Khalas, shi ke nan, ba wani dutse da zai zo. Wannan ne na ƙarshe da Bruno ya yanka. Zan gyara shi. In bai yi maka ba, ka cire da hannunka."

Ga yadda muka yi. Muka kife fallen a kan katako mai laushi, muka wanke tsagar, muka haƙa ƙananan ramuka a bayansa muka kwantar da sandunan ƙarfe marasa tsatsa. Ya niƙa ɓarɓashin dutsen ya zama gari, ya kwaɓa da gam, yana ƙara launi kaɗan-kaɗan har ya dace da jijiyar. Ni ke riƙe fitila, shi ke cikewa. Wani lokaci sai in ji yana magana ƙasa-ƙasa da harshensu, na kuma san ba da ni yake ba. Da ya bushe muka goge, muka ɗora. Faris ya zo ya tsaya ya daɗe yana neman tsagar. Da ya gano ta, ya kalli Elio, ya sa hannu a takardar karɓar aiki ya fita.

Da aka buɗe hanyar jirage Elio ya ajiye aiki ya koma gida. Ranar tafiyarsa ina kan aiki a unguwar Al Thumama, ban samu damar raka shi ba.

Lokacin gasar, a ƙarshen 2022, aka tura ni otal ɗin duba wani gyara. Zauren ya cika da baƙi masu tutoci, suna ta ɗaukar hoto a jikin bangon. Na ɗauki nawa na tura wa Elio. Sai ga kiransa. Muryarsa ta tsufa.

"Isa, akwai tutar ƙasarku a nan?"

Na ce, "Babu, Baba. Ba mu samu zuwa ba."

Ya ce, "Mu ma haka. To, bangon ya wakilce mu." Ya ce daga tagarsa yana ganin inda Bruno ya yi yankan ƙarshe, ba wanda ya taɓa wurin tukuna. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Daga baya lambar ta daina shiga, ban kuma san wanda zan tambaya ba.

Abin da na koya shi ne, kayan da muke buɗewa a akwati ba daga sito suka faro ba. Kowane falle daga garin wani yake, hannun ɗan'uwan wani ne ya yanko shi. Kuma yawancin masu wannan sana'a baƙi ne, suna gina wuraren da wasu za su taru su yi murna bayan su sun watse. Don haka in kun ga abokin aiki ya koma gefe yana cin abinci shi kaɗai, ku ɗauki kwanonku ku je ku tambaye shi yadda garinsu yake. Ku kuma karɓi lambar wani nasa tun yana kusa.