Sa Hannun da Na Riƙe wa Kawu Zijad

Na Allah ne mu, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Zijad Mulalić, babban mai rubuta manhaja a ɗan kamfaninmu da ke Tuzla, yana da shekara sittin da uku. Ciwon zuciya ne. Ya tashi zai ɗora gahawa, sai ya dafa bango, ya ce wa abokiyar aikinmu Dragana ta buɗe masa taga. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa.

Kawu Zijad, ni ne Elvedin, wanda ya zo maka da takardar digiri da dogon baki, ba abin da ya iya sai gardama. Kai ka zaunar da ni a gefenka, ka nuna mini manhajar da ke lura da bututan ruwan zafi masu ɗumama gidajen mutane da hunturu. Tun kana saurayi ka rubuta ta da yaren kwamfuta mai suna C, aka yi ta ƙara mata ɗaki a kan ɗaki har ta zama gidan gado. Tana cin ƙwaƙwalwar na'ura kaɗan-kaɗan ba ta mayarwa, sai an kashe an kunna. Tsararrakinka da yawa sun gwammace a binne su da abin da suka sani. Kai kuwa, da furfurarka, ka ce a rushe aikin hannunka a sake gina shi da yaren Rust, ka koma ɗalibi tare da mu. Manhajar da ke tace rubutun wannan yare ba ta barin kuskure ya wuce ta, har ka raɗa mata suna ɗan kwastan da ba ya karɓar na goro. In ta dawo maka da aiki sai ka yi dariya, ka ce ta fi ka gaskiya.

Ban manta hunturun da manhajar ta daskare ba, wata unguwa ta wayi gari cikin sanyi. Mu matasa muka yi ta lalube. Kai ka jawo takardar da aka naɗo burek, gurasar nan mai nama a ciki, ka zana dattawa biyu a ƙofar masallaci, kowanne yana ce wa ɗan'uwansa bismillah, har aka idar da salla suna tsaye. Ka ce haka ayyuka biyu suka yi a cikin na'urar, kowanne ya riƙe mabuɗi ɗaya yana jiran na hannun ɗayan. Dragana ce ta rubuta wurin da matsalar take. Da mai kamfanin ya shigo yana huci yana neman mai laifi, ka ce masa wanda ya duba ya sa hannu shi ne da laifi, kuma kai ka sa hannu. Dragana ba ta ɗaga kai ba, amma na ga hawaye na ɗiga a kan teburinta.

Dokarka ke nan: ba aikin da zai shiga manhaja sai wani ya karanta ya sa hannu, ko da aikinka ne. Da muka yi ƙwari, ni ka zaɓa in riƙa duba naka. Ranar na koma gida kamar an naɗa mini rawani.

A farkon bana ka tara mu ka ce ka gaji. Sashe ɗaya ya rage a sabuwar manhajar, wanda ke buɗewa da rufe famfunan bututan, da zarar ya shiga za ka koma ƙauyenku kusa da Gradačac, wurin itatuwan tuffar mahaifinka. Matarka, Gwaggo Fikreta, ta riga ta tafi ta share gida. Ka ce wannan kakar da hannunka za ka juya tukunyar pekmez, maɗin tuffar nan da kake kawo mana a kwalba kana yi mana gorin ba mu san daɗi ba.

A watan Yuni ka gama, ka turo mini. Na karanta tun daga farko har ƙarshe, Kawu, kuma babu abin gyara a ciki. Amma ban sa hannu ba. Na mayar maka na ce a sake wa wani abu suna. Ka sake. Na ce a ƙara gwaji. Ka ƙara. Na ce bayanin wani wuri bai fito ba. Haka na yi ta tsintar ƙura a ɗakin da aka share, har rani ya wuce. Tsoro nake ji. Na san in ka tafi, duk wayar da za ta yi ƙara da hunturu ni za ta nema, kuma ba na son in waiga in ga kujerarka ba kowa. Na ce wa raina ƙauna ce, amma son kai ne ya ari rigar ƙauna.

Dragana ta gano ni. Ta tare ni a bakin matakala ta ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah, ka saki dattijon nan. Tuffa ba ta jiran sa hannun kowa." Na ce mata ba ta san aikin ba.

Kai kuwa godiya kake yi mini. Sau ɗaya kawai ka cire tabarau ka dube ni.

"Ɗana, tsakaninka da Allah, akwai sauran wani abu?"

"Kaɗan ya rage, Kawu."

"To madalla. Kada ka ji kunyata. Ba zan tafi in bar muku abin da zai kwanar da jama'a cikin sanyi ba."

Ka mayar da tabarau ka ci gaba da gyaran abin da bai lalace ba.

A wurin jana'iza liman ya juyo ya tambaye mu, kamar yadda aka saba, ko mun yafe maka. Jama'a suka amsa sun yafe. Ni bakina ya ƙi buɗuwa, don ban san me zan yafe ba, kuma wanda ya kamata a yi wa tambayar a kaina yana kwance cikin likkafani.

Washegari na je ƙauyen yin gaisuwa. Tuffa ta zube ƙarƙashin itatuwa, maƙwabta ne suka dafa abin da suka iya tsinta. Gwaggo Fikreta ta zuba mini gahawa a finjali, ta tambayi sunana. Da na faɗa, sai fuskarta ta saki.

"Ashe kai ne Elvedin ɗin. Kullum na ce masa yaushe za ka taho, sai ya ce yaron bai gamsu ba tukuna, idonsa ya fi nawa yanzu. Da alfahari yake faɗa, wallahi. Allah Ya yi maka albarka, ɗana, da ba ka bar shi ya tafi da aiki rabi ba."

Na shanye gahawar, na ce amin. Da na dawo ofis na sa hannu, aikin ya shiga yadda yake, kuma har yau bai yi tari ba.

Allah Ya jiƙanka, Kawu Zijad, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka. Duk gidan da ya ji ɗumi ta dalilinka, Allah Ya sa a mizaninka. Ya sanya Aljanna ta zama wurin hutun da na hana ka samu a nan. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da jikokinka da 'yan'uwa, da mu da ka bari a ofis, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ke kuma Gwaggo Fikreta, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Ga abin da na kasa faɗa miki ina riƙe da finjalinki: aikin mijinki cikakke ne tun watan Yuni, ni ne ban sake shi ya zo gida ba. In za ki iya, ki yafe mini.