Sunan da Ya Gagari Inna

Ranar Litinin ta farko bayan babbar Sallah, shekarar da na shiga ƙaramar sakandare, wata 'yar bautar ƙasa daga kudu ta koya mana yadda ake cewa abu yana yi wa mutum wuya da Turanci. Ta ce kowa ya kawo misali daga gidansu. Wani ya ce kakarsa ba ta iya taunar ƙashi, wata ta ce babanta ba ya iya tuƙa tuwo. Da aka zo kaina na harhaɗa ɗan Turancina na ce faɗin sunana yana yi wa mahaifiyata wuya. Aji ya kwashe da dariya, malama kuwa ta dafe ƙirji.

Gaskiya na faɗa. Ni ɗan fari ne, Inna kuma Bafulatana ce mai tsananin alkunya. A gidanmu na unguwar Kumbiya-Kumbiya har akuya tana da suna, ni kuwa "kai wannan" ne. In za a aike ni niƙa, ƙanwata ake gaya wa ta gaya mini, alhali ina tsaye a wurin. Abin yana ci mini rai, burina in ji Usman daga bakinta ko sau ɗaya.

Malama ta ɗauka ciwon harshe ne. Ana tashi ta biyo ni gida. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama fura. Baiwar Allah ta gyara zama ta fara darasi da gurguwar Hausarta: "Mama, ki ce Us. Ki ce man." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, goggona tana gefe tana dariya har da hawaye. Ni na laɓe bayan randa na kasa kunne, ina addu'ar malama ta yi nasara. Inna ta jero sunayen ƙannena tsaf, har da na akuya. Da aka zo nawa sai ta ce, "Sha fura, Malama."

Bayan tafiyarta na zauna jiran bulala. Inna ta dubi ƙanwata ta ce, "Gaya wa wancan, ƙanzon tukunyar yau nasa ne shi kaɗai."

Yau kowa kiran sunana yake, a ofis da waya, ni ma ina kiran sunan 'yata ta fari gatsal ba kunya. Inna ta rasu ba ta faɗa ba. Da za ta dawo, ba zan roƙe ta Usman ba, "kai wannan" ɗin ya ishe ni.