Tsayin Gidan Su Dogo

Dogo mai fenti bai taɓa sayen tsani ba. Daga ƙasa yake miƙa hannu ya shafe silin, abokan aiki suna tsokanarsa wai shi ruwan sama ke fara duka. Tsayin gado ne, haka babansa yake, haka yayansa. Abin da ba ya son tunawa, dukansu dafe da ƙirji suka faɗi suka mutu, ba su kai shekara hamsin ba.

Ran nan yana shafe wani falo ya ji kamar an tsaga ƙirjinsa, zafin ya ratsa har tsakanin kafaɗunsa. Burushi ya suɓuce. Ya san wannan baƙon.

A asibiti likita ta auna jininsa a hannu biyu, awon ya saɓa. Ta dubi zara-zaran yatsunsa, ta tambayi abin da ya kashe babansa, ta sa aka ɗauki hoton ƙirjin nan take.

"Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya ce ta tsage," in ji ta. "Sai an buɗe an canza ta da roba, yanzu-yanzu. Irin tsayin nan kan zo da raunin jijiya."

Ana tura shi ɗakin tiyata, ƙafafunsa sun zarce gadon, ya hango 'yarsa a bakin ƙofa. Har ta fi uwarta tsayi, abin da kullum yake alfahari da shi.

Ya riƙo rigar likita. "Don Allah, ko ban tashi ba, ku duba yarinyar can."