Littafin da Na Ce Na Manta a Gida

Shekara uku na yi a Kuala Lumpur ban da aikin yi. Matata ce gwamnati ta turo karatun digiri na uku, ni kuma na ɗauki hutu daga ofishin ƙaramar hukumarmu, inda nake kula da sito, na biyo ta da yara biyu. Karatuna bai wuce difloma ba. Na faɗi wannan tun farko saboda yana da hannu a abin da zan ba da labari.

Safiyata a tsare take. Da farko sallar asuba. Sannan in kai yara bakin motar makaranta. Sannan in raka matata tashar jirgin ƙasa ta Wangsa Maju. Daga nan sai in gangara wani mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, in zauna a tebur na uku daga ƙofa, in sa a kawo shayi da roti ɗaya, irin gurasarsu.

A shagon akwai talabijin a bango. Da safe babu mai kallonta, don haka mai shagon yake barinta a tashar wasanni. Safiyar Malesiya daren Amurka ce, abin da ake nunawa ke nan a lokacin: besbol. Watanni biyu ina kallo ban gane komai ba. Mutum ɗaya yana jifa, ɗaya yana jira da gora, ɗaya ya tsuguna a baya yana cafkewa, saura suna tsaye a fili kamar masu gadin gona. Amma na lura wasan yana da tsari. Zagaye tara ne. Kowane ɗan wasa da layinsa, ba mai tsallake wani. Wannan ya kwanta mini. Na sayi littafin rubutu mai bango baƙi da fensir da jan biro, na ja layuka da rula, na fara rubuta kowane wasa: wa ya jefa, wa ya buga, a wane zagaye aka ci, a wane aka faɗi. Ƙungiyar da aka fi nunawa ita na ɗauka tawa, duk da ba ta cika cin wasa ba.

A shekara ta biyu Alhaji ya zo. Dattijo ne ɗan kasuwar yadi daga Kano, ɗansa yana koyarwa a wata jami'a, ya kawo shi aikin ido ya zaunar da shi a unguwar Danau Kota. Likita ya ce ya riƙa tafiya da safe, tafiyar ce ta kawo shi shagon. Ya ji na yi wa mai kawo shayi godiya da wata irin murya, ya juyo ya ce, "Bawan Allah, wannan bakin na Kano ne ko kunnena ne?"

Ni na koya masa wasan, daki-daki, kamar yadda na koya. Idonsa bai gama warkewa ba, ba ya ganin ƙananan lambobin da ke gefen talabijin, don haka ni ne idonsa. Duk abin da ya faru sai ya juyo ya ce, "Malam, ya ka gani?" Ni kuma in duba littafi in ba shi amsa. A garin nan kowane Bahaushe da na sani ko dakta ne ko yana hanyar zama. A wajen suna ko buɗe-baki ana tambayata, "Kai me kake karanta?" in ce rakiya na yi, sai a yi murmushi a juya. A tebur na uku kaɗai ake tambayar ra'ayina, kuma dattijo ne mai tambayar. Ban san nauyin abin a raina ba sai da aka taɓa shi.

Mu biyu muna son wani mai jifa, tsoho a cikin 'yan wasa, da hagu yake jifa. Alhaji ya raɗa masa Bahago. Ba ya gaggawa, ba ya murna idan ya yi nasara. Alhaji yakan ce, "Wannan da a kasuwa yake, shi zan bar wa shago."

A shekara ta uku aka samu na uku a teburin. Ɗalibi ne mai karatun lissafi, maƙwabcin ɗan Alhaji. Bai gama ba, amma kowa Dakta yake ce masa. Yana da ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Yana gaishe ni kafin ya zauna. Ya ce ya taɓa bin wasan ta waya saboda lambobinsa. Cikin mako biyu ya fara faɗin abubuwan da ban taɓa ji ba: saurin ƙwallo, yawan juyinta a iska, wasa nawa ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya idan aka gwada shi da wanda zai maye gurbinsa. Duk a wayarsa suke. Ba ya rubuta komai.

Ranar da abin ya fara ina tunawa da ita. Wani ya buga ƙwallo ta fita fili, Alhaji ya juya hagu maimakon dama inda nake zaune, ya ce, "Dakta, ya ka gani?" Fensirina yana hannuna. Na riga na buɗe shafin da amsar take. Na rufe littafin a hankali na sha shayi.

Kakar wasa ta shekarar ta yi wa ƙungiyarmu muni. Zuwa watan Yuli ta yi nisa a ƙasa, ba alamar za ta taso. A wannan wasa akwai al'ada: a tsakiyar kaka, kafin ƙarshen Yuli, ƙungiyar da ta fid da rai takan ba da manyan 'yan wasanta ga masu neman kofi, ta karɓi matasa a madadinsu, don ta gina gaba. Bayan ranar an rufe ƙofa. Sai gardama ta koma kan Bahago: a ba da shi ko a riƙe?

Dakta ya ce a ba da shi, kuma yanzu. "Alhaji, value ɗinsa yau ya fi na gobe. Hannun ya fara gajiya. Idan masu saye suka gane, ko shayi ba za su ba mu ba."

"Mutum ne fa, ba atamfa ba," in ji Alhaji, yana dariya.

"Ai ku kuka san atamfa, Alhaji. Wadda yayinta ya kusa wucewa a kan kanta ake barinta?"

Alhaji ya buga tebur. "Kai yaron nan! Wa ya kai ka Kwari?"

Ni ban yi dariya ba. Na ce Bahago ba ya sayuwa. Na kawo dalilai a jere: na ɗaya, shi ke kwantar wa matasan masu jifa hankali, na biyu, ƙungiya ba ta rayuwa babu babba, na uku, hannunsa lafiya lau, wanda bai zauna ya kalli wasa daga farko zuwa ƙarshe ba ne zai ce ya gaji. Na uku ɗin da Dakta nake, kuma ya gane. Ya ce, "Haka ne, Malam, kun riga mu." Ladabin nan nasa ya fi zagi ɓata mini rai.

Dalili na ukun ƙarya ne, kuma na sani. Tun cikin watan Mayu na lura cewa idan aka shiga zagaye na shida, gwiwar hannun Bahago tana sauka ƙasa kaɗan, ƙwallon kuma sai ta tafi sama inda mai bugu yake so. Duk ranar da na ga haka nakan sa ɗigon jan biro a gefen shafi. Ɗigon ya yi yawa. Ban gaya wa Alhaji ba da farko don kada in ɓata masa rai. Da Dakta ya faɗa kuwa, sai na ƙi faɗa don kada in zama mai tabbatar da maganarsa.

Mako biyu muna wannan. Na fara zuwa da wuri don in riga shi gyara wa Alhaji kujera. Na fara ƙirga sau nawa Alhaji ya juya hagu, sau nawa dama. Idan Dakta yana da ganawa da malaminsa bai zo ba, ranar nakan ƙara roti. Wata safiya na ga su biyu suna tahowa tare daga Danau Kota, Dakta riƙe da lemar Alhaji, suna magana tun daga nesa, na ji kamar an shiga sitona ba da izinina ba.

Matata ta lura. Muna tafiya tasha ta ce, "Abban yara, wai kishin ɗalibi kake yi a kan wani Bature da bai san kana duniya ba?"

Na ce ba kishi ba ne, gaskiya nake karewa.

"To Allah ya taimaki gaskiya," ta ce, ta shige jirgi.

Ana saura kwana biyu a rufe musaya, gardamar ta yi zafi har mai kawo shayi ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Boss, slow lah." Sai Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya. Ni wayar nan ban san wanda ya zuba mata lambobi ba. Amma littafin Malam a gabana aka rubuta shi. Malam, buɗe mana ka raba gardama. Abin da ya ce, shi ke nan."

Ya juyo dama. Abin da na yi wata biyu ina jira ke nan. Littafin yana cikin jakata a ƙarƙashin tebur, ba a fara wasa ba ban fito da shi ba. Na san abin da ke ciki. Idan na buɗe, Dakta ya yi nasara, kuma da hannuna.

Na ce, "Alhaji, yau na manta shi a gida."

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "To." Aka fara wasa, na kalle shi hannu wofi, karon farko cikin shekara biyu. Wannan wasan babu shi a littafin har yau. Shafin na bar shi fari.

A ranar ƙarshe aka ba da Bahago. Dakta ne ya gani a waya tun kafin talabijin ta faɗa. An karɓo matasa uku da ba mu taɓa jin labarinsu ba. Bai yi murna a gabanmu ba, ya karanta kawai ya ajiye wayar. Alhaji ya ce a ɗaure masa rotinsa tapau, kamar yadda suke cewa a can, ya tafi da shi gida.

Ni mutum ne da ya yi shekara goma sha ɗaya a sito ba a taɓa samun layi ɗaya na ƙarya a takardunsa ba. Kwana biyu na yi maganar nan tana damuna. A na uku na je shagon, na jira suka zauna, na fito da littafin na ajiye a tsakiyar tebur. Na ce ranar nan yana cikin jaka. Na buɗe daga watan Mayu, na bi shafi-shafi, ina nuna ɗigon ja, ina faɗin abin da kowanne yake nufi.

Dakta ya sunkuyo har hularsa ta kusa faɗa wa shayi. "Malam, tun Mayu? Ni sai ƙarshen Yuni lambobin suka nuna mini. Gwiwar hannu? Wallahi wannan babu shi a inda nake dubawa. Zan iya ɗaukar hoton shafukan?"

Na ce ya ɗauka. Da gaske yake murna, kuma hakan bai rage mini komai ba.

Alhaji ya bari ya gama. Sannan ya ce, "Malam, idona ne ba ya gani sosai, amma bakin littafin na gan shi ya leƙo daga jakar."

"Na sani yanzu, Alhaji."

"Ka riga shi gani da wata guda. Da ka buɗe ranar nan, yau ina yawo ina cewa Malam ne ya fara faɗa. Kai ka hana kanka."

Bai ƙara ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Mun ci gaba da zama mu uku har zuwa watan Oktoba, lokacin da likita ya sallame shi ya koma Kano. Kujerata ta dama tana nan. Amma tambayar ta canja. Idan abu ya faru sai ya ce, "Dakta, ya ka gani?" Idan Dakta ya gama, sai ya juyo wajena ya ce, "Malam, duba mana, me littafi ya ce?" Littafin yake tambaya. Nakan buɗe in karanta masa abin da ke ciki daidai.

Daga Kano yana aiko mana da saƙon murya, kowa nasa. Dakta yakan kunna nasa a teburin don mu ji tare, nakan kunna nawa. Yana tambayata yara, da ƙafar matata da ta gurɗe, da ko Bahago yana samun wasa a sabon wurinsa. Saƙo ne mai kyau. Na Dakta ya fi nawa tsawo. Na duba.