Zanen Iya da Mai Roba

Wata ranar Laraba ce bayan an gama cirar gyaɗa, a shekarar da nake aji huɗu na firamare a Tarai. Na taso daga makaranta yunwa na cina, sai na tarar da babur a ƙofar gidanmu, an lafta masa bahon roba da bokitai ja da kore har ba a ganin sirdi. Mai roba ne daga Rano, wanda ke zaga ƙauyuka yana karɓar tsofaffin tufafi yana ba da roba. Ina shiga Inna, mahaifiyata, ta miƙo mini ƙunshi ta ce, "Rakiya, kai masa, ki ce babban baho nake so." A zaure ɗaurin ya kwance, sai ga zanen saƙin Iya a ciki, tsakanin yagaggun riguna.

Iya kakata ce, mahaifiyar Inna, kuma a daminar waccan shekarar ta rasu. A ɗakinta na tashi. Ni nake tsince mata auduga, in zauna gabanta tana gurza, tana shiɓa, tana kaɗi da mazari, yatsunta fari fat da alli. Idan na tsinka mata zare sai ta dungure mini kai ta ce, "Hannun ci kawai gare ki, ƙawata." Wannan zane shi ne na ƙarshe da ta saƙa. Ita ta kaɗa zarensa, aka kai marina a Rano aka rino shi baƙi wuluk, ta ɗora shi a masaƙarta da ke jingine da katanga, ta yi ta fama da shi idonta na hawaye don tsufa. Shi ne za a ba wani ƙato a karɓo baho? Wallahi ban tsaya tunani ba. Na ɗaura shi a kan kayan makarantata, na ƙulle tamau, na kai wa mai roba sauran. Ya juya su ya taɓe baki, ya ba ni wani ɗan kwano.

Inna na ganina da zanen ta yi salati. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ɗauko muciya, na tsaya ƙyam. Na san abin da na taka: duka za ta iya, amma a gidanmu ba a kwance wa ɗiya mace zani a jikinta, ko da uwar da ta haife ta ce. Ta ce ai zan gaji in tuɓe, mai roba kuma zai dawo. To, ban tuɓe ba. Da shi nake surfe, da shi nake jan ruwa a rijiya, da shi nake zuwa kalen gyaɗa. In zan yi wanka sai in rataya shi a wuya. A makaranta a ƙarƙashin siket nake ɗaura shi, yana leƙowa, ga kauri ga zafi, shuni ya ɓata mini ƙafafu. Yara suka sa mini suna Tsohuwar Tarai, a wurin gaɗa ma da sunan suke cafe ni. Na yi kuka a bayan aji, ba zan ɓoye ba, amma gabansu ko gezau. Mai roba ya dawo ya koma, ya sake dawowa ya koma. Da Baba ya ga abin ya ƙi ƙarewa sai ya ce, "Ku bar mata tsummanta, taurin kan nan ba daga wajena ta ɗauko ba."

Yau aikina ke nan. A ɗakin adana kayan tarihi na wata jami'a nake, ina kula da tsofaffin riguna da zannuwa da rawuna. Da safar hannu nake ɗaga su, in share ƙura da burushi mai laushi, in tare yaga da zare siriri, in shimfiɗa su a durowa inda asu da danshi da hasken rana ba za su kai gare su ba. 'Yan'uwa har yanzu suna tsokanata wai na yi karatu mai zurfi don in yi gadin tsumma. E, gadin tsumma nake yi, kuma da alfahari. A Tarai ɗin da na sani yanzu ba na jin mazari a gida ko ɗaya, yara ba su san alli na kaɗi ba sai na allo. Wanda ke ganin aikina wasa ne, ya je ya nemo mini mace guda da za ta saƙa irin na Iya.

Zanen yana nan cikin kayan da nake kula da su, da sunan Iya a jikinsa. Bara Inna ta zo asibiti a birni, na biya da ita ofis na jawo mata durowar. Ta miƙa hannu, bakina ya riga ni: "Inna, ba a taɓawa." Ta harare ni ta ce, "Ke, uwata ce ta saƙa shi." Ta sunkuya ta kai hancinta, ta daɗe a haka. Da ta ɗago sai ta ce, "Kin ɗauka baho nake so? Ƙanshinta ne a jikinsa ya hana ni sakat, duk na buɗe akwati sai na yi kuka. Yanzu kuwa babu, kin goge shi tas."

Ban yi nadamar hana mai roba ba, ko yau aka sake sai na ɗaura. Amma bayan ta tafi na cire safar hannu, na sunkuya na shinshina. Inna ta yi gaskiya, ba ya ƙanshin kowa.